Albashinka Zai Ciyar da Mutum Huɗu

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fatan ka sauka Doguwa lafiya, hanya ba ta wahalar da kai ba, kuma ka tarar da mutanen wurin aikinku cikin alheri. Allah ya tsare ka a inda ka kwana da inda ka wuni, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa wannan aiki na malamin gona da ka samu ya zama rufin asiri gare ka. Mu nan kowa lafiya lau. Innarku tana gaishe ka, 'ya'yanka Ummi da Sadiku kuma sun dame mu da tambaya.

Ka san ni ba gwanin rubuta wasiƙa ba ne. A aji uku na bar sakandare, daga nan biro ba ya shiga hannuna sai in za a sa hannu a takarda. To amma kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina ka ci, akwai maganar da ba zan iya kallon idonka in yi ta ba, a waya kuma sai in fara faɗa tun ban kai ga abin da nake nufi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba direban da ke zuwa cin kasuwar wajenku ya kawo maka, don ta riske ka kafin ka je wurin mai gidan haya.

Maganar ɗaya ce. Ranar da takardar aikinka ta fito ka same ni a zaure, ka ce ka yi tunani, ɗaki ɗaya za ka kama a Doguwa ka zauna kai kaɗai, matarka Rukayya da yaran nan biyu su zauna a gidana, ka riƙa leƙowa ƙarshen wata, domin albashin ba zai ciyar da mutum huɗu ba. Na ce maka Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Ka tashi kana ganin na yarda. Ban yarda ba, Abba. Ban musa maka ba ne kawai, don maganar da ka yi ni ma na taɓa yin ta ina kamar shekarunka, kuma na san inda ta kai ni.

Kada ka ɗauka nauyinsu nake gudu. Gidan nan ni na gina shi da gumina, ban gaji ko ƙyaure ba, kuma yau ko mutum goma aka ƙaro mini ba wanda zai kwana da yunwa, alhamdu lillahi. Abin da nake so shi ne ka tafi da iyalinka. Albashin zai isa. Zan gaya maka yadda aka yi na sani, amma sai na fara da kurakuraina, don su ne suka sa ka yi wa albashinka irin awon da ka yi masa.

Ban fi Ummi girma ba lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu aka taso mu zuwa wannan tudu. Mun bar kukokinmu da ɗorawarmu a cikin ruwa, muka zo ƙasar da ba mu san halinta ba. Shekarun farko kakarka ta raine mu ne da kwaɗon rama, da tafasa, da faten tsaki, da 'yan ƙananan kifin da masunta ba sa ko kallo in sun jawo koma. Mun ƙoshi, ba wanda ya kwanta ciwo saboda abinci. Amma ni abin ya zauna mini a rai, na ɗauke shi abincin wahala. Da Allah ya buɗa mini, na sayi injin ban ruwa na farko da kuɗin kifi, tumatir ya yi mini kyau shekara biyu a jere, sai na shigo gida na kafa wa Innarku doka: kada in sake ganin rama ko tafasa ko fate a gidan nan, mun gama da su. Ta ce to. Kullum sai na sayo nama. Ba ma sayen kaɗai ba, sai in rataye ledar a hannun babur in bi ta gaban masallaci inda dattawa ke zama bayan la'asar, alhali akwai hanyar bayan gari da ta fi kusa da gida. So nake a gani, a ce ɗan wane da aka taso ba ko tabarma, yau ga shi. An kuwa gani, an kuma faɗa. Sai daga baya na lura cewa a shekarun nan maƙwabcina Malam Iro, wanda muka sayi inji wata ɗaya da shi, fili biyu ya ƙara, ni kuwa tumbi na ƙara.

A wannan gida ka tashi. Da ka zauna kana auna albashinka, da naman kullum ka auna shi, da burodi da madara kowace safiya, da shinkafa kowace rana. Ba laifinka ba ne, ni na miƙa maka kwanon awon. To ka ajiye shi. Nama sau ɗaya a mako ya ishi gida, ranar Juma'a, kuma ba sai tsoka ba, ƙashi mai ɗan nama a jikinsa ya fi ba miya daɗi. Sauran kwanaki busasshen kifi kaɗan, a daka shi a watsa a miyar kuka ko kuɓewa, yana yin aikin da nama ke yi. Wake da gyaɗa da waken suya su ne naman mai ƙaramin albashi, ba sai na koya wa malamin gona wannan ba, kun karanta a makaranta, sai dai kun karanta ne don ku gaya wa wasu. Kuma in ka sayo abu ka bi hanya mafi kusa da gida. Masu kallon ledarka ba su za su ciyar maka da yara ranar ashirin ga wata ba.

Na biyu na tumatir ne, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya. Wata shekara kowa ya zuba tumatir lokaci ɗaya, motocin kudu suka yi ƙaranci, farashi ya faɗi har kwando bai kai kuɗin ɗauko shi daga gona ba. Innarku ta same ni ta ce in kawo mata kwando biyar ko shida ta yanka ta shanya ta yi kauɗa. Na ce mata mai gonar tumatir guda ba zai ci busasshe ba, a bar wa masu saye da ƙulli. Haushin kasuwa nake ji na sauke a kanta. Na sa aka juye kwandunan a bakin titi na dawo gida. Ashe ita ta aika wa matan maƙwabta, suka je suka tsince masu kyau, suka yanka tare a gidan Malam Iro, suka shanya a can suka raba. Damina ta zo, tumatir ya yi tsadar da mutum zai tsaya yana kallonsa kamar ba shi ya taɓa nomawa ba, ni kuwa kullum jar miya nake sha a gidana. Ban taɓa tambayar daga ina ba. Wata biyu ina ci, sai ran nan matar Malam Iro ta aiko a tambayi Innarku ko tata kauɗar ta ƙare a ƙara mata, saƙon ya faɗo a kunnena. Na shiga ciki da niyyar faɗa. Innarku ta dube ni ta ce ai tumatir ɗinka ne ka ci, ba na kowa ba. Na juya na fito.

Abin da na koya: kowane abu yana da watan da yake araha, a watan ake sayen na shekara. Tumatir da tattasai da attaruhu a rani, a yanka a shanya. Kuɓewa da kuka da rama da zogale a ƙarshen damina. Masara da wake da gyaɗa da kaka. Ku kuwa Allah ya kai ku ƙasar masara da waken suya da dankali, kuma aikinka a cikin manoma yake, kai za ka fara sanin ranar da hatsi ya sauko. Ni na taɓa sayar da masarata kaf da kaka don in canza babur, na dawo ina sayen ta kwano-kwano da damina a hannun mutumin da na sayar wa, yana yi mini sannu da zuwa yana murmushi. Kada ka yi haka. Albashin watan kaka, ka matse komai ka sayi buhun masara da rabin buhun wake ka ajiye. In hatsi yana ɗaki, abin da ya rage cefanen miya ne, shi kuwa mace mai dabara ba ta rasa yadda za ta yi da shi. Kuma ka guji ƙulli-ƙulli. Ƙullin mai, ƙullin gishiri, ƙullin yaji, kowanne ka ga kamar ba komai ba ne, amma su ke cinye ma'aikaci. Mai a sayi kwalba, gishiri a sayi kwano, ranar kasuwa da yamma lokacin da masu kaya ke son su tattara su tafi gida.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda saboda shi na ɗauki biro. Kana da shekara uku, ƙanwarka tana goye, injina ya lalace a tsakiyar rani gonar ta ƙone. Wani abokina ya ce in zo Tudun Wada mu riƙa sayen hatsi muna lodawa. Na tafi. Na ce wa Innarku abin da zan samu ba zai riƙe mu mu huɗu ba, ta zauna da ku a gidan yayana, in na tsaya da ƙafata zan zo in ɗauke ku. Wata uku na ce mata. Shekara biyu na yi.

Ka ji yadda namiji shi kaɗai yake cin abinci, don kai ba ka taɓa yi ba, daga hannun Innarku ka koma hannun Rukayya. Da safe mai shayi, burodi da ƙwai, don kana jin kunyar a ga ka sha shayi gaya. Da rana mai shinkafa, da nama biyu, don na kusa da kai biyu ya sa. Da yamma ka gaji, ɗaki ba wuta ba tukunya, sai ka tsaya wurin mai tsire, abokai su zo ku zauna, yau kai ka saya gobe wani. Ba almubazzaranci nake yi ba a ganina, cin abinci kawai nake yi. Amma duk abin da ka saya dafaffe ka biya itacen mai abincin, ka biya hayar rumfarta, ka biya ribarta. Wata ya ƙare in duba aljihu in ga abin da zan aika gida bai taka kara ya karya ba. Sai in ce wata mai zuwa. A shekara ta biyu olsa ta kama ni, saboda wani lokaci in ciniki ya yi zafi sai la'asar nake sa wani abu a ciki.

Yayana mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, matarsa ma ba ta taɓa ɗaga wa Innarku murya ba. Amma mace a tukunyar wani, in ɗanta ya ce bai ƙoshi ba, ba ta da bakin cewa a ƙara. Sai bayan shekaru Innarku ta gaya mini nata take rage maka. Rukayya a gidana ba za ta rasa komai ba, wallahi, amma tana da kunya, kuma na san ko madarar Sadiku ce ta ƙare sai ta kwana biyu tana juya yadda za ta faɗa.

Abin da ya dawo da ni hayyacina ba ciwon ba ne. Na zo gida da ƙaramar salla, na shigo da kaya niƙi-niƙi, na tarar da kai a tsakar gida kana wasa da gwangwani. Na miƙa maka hannu. Ka dube ni, ka ruga ka kama zanen Innarku, ka ce: "Inna, baƙo ya zo." Matan gidan suka yi dariya, ni ma na yi. Amma abincin sallar nan bai wuce mini ba. Kwana uku bayan salla na kwashe ku muka tafi Tudun Wada, ba don samuna ya ƙaru ba, ko kwabo bai ƙaru ba.

A can na ga abin da ban taɓa tsayawa na gani ba. Ɗaki ɗaya da rumfa muka kama. Innarku ta ce in daina ba ta kuɗin cefane kullum da safe kamar mai ba da sadaka, in haɗa na mako in ba ta, in kuma daina shiga abin da ba nawa ba. Raina ya ɓaci, don ni a lokacin gani nake in mace ta riƙe kuɗin mako to an raina maigida. Amma ba ni da zaɓi, na ba ta. Dokar rama kuwa ba wanda ya sake tada ta, ni ma na yi kamar na manta. Sai ga shi abin da nake ci ni kaɗai a waje ya riƙe mu mu huɗu, har ana zuba wa maƙwabci. Tuwon dare takan tuƙa shi da ɗan yawa, da safe a yi ɗumame, ba mai shayi ba burodi. Wake takan jiƙa shi tun da hantsi, sai ya dahu da rabin itacen da zai ci. In ta sauke tuwo ba ta barin garwashi ya mutu a banza, ruwan wanka ko na koko yana kai. Gyaɗa kwano biyu za ta soya a kai inji, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, man ya shiga miya, ƙulin ya shiga kwaɗo da yaji. Bayan rumfa inda take zubar da ruwan wanke-wanke ta dasa zogale ta shuka kabewa da yakuwa. Dusar masara ma ba ta zubarwa, ta ƙulla ƙawance da wata Bafillatana mai suna Adama da ke kawo nono daga ruga, ita ta ba ta dusa don shanu, Adama ta zuba mata nono, wani lokaci har da ɗan man shanu. Ku a Doguwa rugage sun kewaye ku, Rukayya ba za ta yi wata guda ba ta samu tata Adamar ba. Kafin shekara olsar ta lafa, na tara abin da na gyara injina, muka dawo gida. Dokar ba ta dawo ba, amma da samu ya dawo sai na koma wa naman kullum, shi ka tashi ka gani. Mutane suna cewa Alhaji Haruna ya je Tudun Wada ya yi arziki da hatsi. Na bar su suna faɗa, don ina jin daɗin ji. Amma yau na rubuta maka da hannuna: a murhun Innarku aka tara kuɗin gyaran injin nan.

Don haka in kun zauna, ranar da albashi ya shigo ka fitar da na haya da na man babur, ka sayi abin ajiya, sauran na cefane ka damƙa wa Rukayya gaba ɗaya. Kada ka tsaya a kanta kana tambayar ina daddawar jiya. Ka ci abinci a gida sau uku, in aiki zai kai ka ƙauye ta zuba maka a kwano ka ɗaure a babur, ba abin kunya ba ne. In baƙo ya zo, abin da kuke ci shi za a ba shi, a ƙara ruwa a miya a ƙara fara'a. Ni na sha yanka kaza don baƙon da ko sunana bai riƙe ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Baba wancan zamani daban, yanzu komai ya yi tsada, kuma Rukayya ba Inna ba ce, 'yar makaranta ce, ba ta saba ba. Ni ma haka na ce. Washegarin ranar da ka yi mini maganar nan Innarku ta shigo ɗakina ta zauna, abin da ba ta saba yi da safe ba, ta ce ta ga idon yarinyar nan a kumbure, ta tambaye ta ta ce hayaƙi ne, alhali ba a ma hura wuta ba. Sannan ta ce: "Alhaji, yaron nan irin taka zai yi, kuma kana kallo." Na ce mata zamani ya canza, yaran yanzu ba za su iya abin da ta yi ba. Ta ce a gwada mana.

To ga abin da ba ka sani ba. Ka tuna makon ƙarshe kafin ka tafi, da Innarku ta ce bayanta na ciwo, kowane sashe ya ɗora tukunyarsa? Bayanta lafiya lau. Ni na tambaye ka nawa ne albashin kamar da wasa, na cire haya da man babur da abin da ba a rasa ba, na raba sauran gida huɗu, kowane mako kashi ɗaya, na ba Innarku kashi ɗaya ta kai wa Rukayya. Sharaɗin shi ne ta ciyar da ku ku huɗu kwana bakwai, kada ta ɗebi ko ƙwayar hatsi a sitona, komai ta aika a sayo a kasuwa kamar tana Doguwa. Rukayya da kanta ta ce a ƙara da kwanona, ba za ta yi girki a gidan nan ba ta aiko wa Baba ba. Mu biyar ke nan.

Ka ci, ni ma na ci. Tuwon masara da miyar kuka da busasshen kifi. Ɗan wake da mai da yaji. Dambu da zogale da ƙuli. Shinkafa da wake rana ɗaya. Miyar taushe da kabewa. Awara ta yi wa yara da kanta, da safe koko ko ɗumame, ranar Juma'a ta sa ƙashi a miya. Ranar Laraba faten tsaki ta yi da rama da gyaɗa, abincin da na taɓa kora daga gidana. Ina zaure ina jin ka ta taga kana cewa a ƙaro, har kana gaya wa Ummi wai wannan hannun Inna ne, Mamanku ba ta iya irin wannan ba. Rukayya ta ƙaro maka. Innarku kuwa sai da ta shige ɗaki don kada dariya ta tona mu. Kwana bakwai ba ka ce yau abincin ya ragu ba, Sadiku bai yi kukan yunwa ba, ni da nake neman abin kushewa ban samu ba, sai dai gishirin ɗan waken ya ɗan yi yawa, shi ma don kada a ce ban ce komai ba ne. Ranar da mako ya cika ta kawo wa Innarku ragowar wake kusan rabin kwano da sabulun wanki da ta saya da abin da ya saura. Wannan fa da tsadar yanzu, da saye kwano-kwano, ba buhu a ɗaki, ba zogale a bayan gida. In kun zauna kun yi ajiyar kaka, sai abin ya fi haka sauƙi.

Na kira ta na tambaye ta a ina ta koya. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce wajen Inna, tun da aka kawo ta take kallo. Na ce to me ya hana ta gaya maka za ta iya? Ta ce ta fara, ka ce mata ba ta san tsadar rayuwa ba. Abba, wanda ke tsaye a gaban tukunya sau uku a rana ya fi ni da kai sanin tsadar rayuwa. Ni sai da na kai shekara talatin da wani abu, da ciwo a ciki, kafin na gane. Kai ga shi an gaya maka kyauta.

Ba zan ce maka ba za a sha wuya ba. Akwai watan da zai zo da rashin lafiya ko biki, ku kai ƙarshensa da ƙyar. Akwai ranar da za ka shigo ka ji ƙamshin naman maƙwabta, naku kuwa kuka ce. Ranar ka wanke hannu ka zauna da 'ya'yanka ku ci, ka ce mata sannu da aiki. In abin ya ƙi gaba ɗaya, ina nan, ban mutu ba, kuma Doguwa ba Makka ba ce, buhu zai iso ku. Amma na fi so ku fara da naku, don abin da mutum ya ci daga tukunyarsa ya fi zauna masa a jiki.

Ban ba ka umarni ba, kai ma yanzu maigida ne. In ka karanta ka ga har yanzu ɗaki ɗayan za ka kama, sashenku yana nan, ba wanda zai ga canji a fuskata. Amma in ka ji maganata, ka nemi ciki da falo, ko da a bayan gari ne inda haya ta fi sauƙi, mai ɗan fili da za a kafa murhu a dasa zogale, kusa da rijiya ko famfo. Rukayya ba ta san na rubuta maka ba, kuma ba ta roƙe ni komai ba. Kai ka ce mini ranar Juma'a za ka zo ɗaukar sauran kayanka. Ba zan tambaye ka komai a gaban mutane ba. Zan zauna a ƙofar gida bayan an sauko daga masallaci, in ga da me ka zo, babur ko akori-kura.

Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a cikin abin da kake samu, kaɗan ɗinsa ya ishe ku. Allah ya kiyaye hanya, ya kare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe, ya raya maka Ummi da Sadiku a gabanka, ya kawo ka gida lafiya. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alhaji Haruna